Shekarar da Aka Ce Na Yi wa Zane Sadakar Arba'in

Duk ranar Sallah in kun taru a tsakar gidan nan kun ci kun ƙoshi, sai wani daga cikinku ya tono zancen nan: wai akwai shekarar da tsohonku ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ya karɓi gaisuwar mutuwar zane, irin wanda ake kallo a waya, har ya yi masa sadakar arba'in da waina da gumba. Kuna dariya ina taya ku, don ba zan tsaya jayayya da jikoki bakina cike da nama ba. Amma kun kama labarin ta wutsiya. Tun da idona bai gama mutuwa ba, bari in rubuta muku shi yadda na gan shi. Na nemi izinin Balkisa kafin in ɗauki biro, ta ce in rubuta, kada in rage komai. Sai dai ku sani tun yanzu, mai ba ku labarin shi kansa bai gama gane shi ba.

Kun san aikina. A ma'aikatar elbaj, ta kula da dabbobi, na ƙare ƙarfina, ina bin rugage daga Azagor har Tagriss da akwatin allura a bayan babur. Shanu na sani. In saniya ta rage cin ciyawa ta koma gefen garke ta tsaya, na san inda zan taɓa in ji ciwon. Da na ajiye aiki na dawo Dakoro na zauna, mu uku ne a gidan: ni, da kakarku Habsu, da Balkisa, 'yar babban ɗanmu. Uwarta ta rasu tana ƙarama, mu muka raine ta. Ubanta kuwa ya bi ayarin masu neman zinariya ya yi arewa. Da farko yana kira, har ya aiko mata da waya mai faɗin gilashi don su riƙa ganin juna. Daga baya kiran ya ja baya, sannan ya ɗauke ɗif. Wani ya ce ya gan shi zai ƙetara Libiya, wani ya ce rami ya rufta da wasu 'yan wajenmu, wani ya ce ai yana tsare. Ba gawa, ba shaida, ba wanda zai dafa Alƙur'ani a kan abin da ya faɗa.

Ga abin da ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani. Shi ne ɗanmu na fari, ni da Habsu kuwa ba mu taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Haka muka taras: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Alkunya ce, ba ƙiyayya ba. Yana gida muna ce masa "wancan" ko "yaron nan", da ya tafi ya koma "na arewa". Ko a nan kun ga ina ta kewaye sunan, hannu ya saba. Habsu ta ƙara da tata doka, ta ce ba mai yi wa matafiyi kuka a gidanta, don kuka ga mai rai mugun fata ne. Da damina ta rushe mana rumbu kuma, sai muka fitar da gadonsa muka jibge buhunan gero a ɗakinsa. Ni a wajena gyaran gida ne kawai, ban ga komai a ciki ba.

Balkisa tana lise, makarantar sakandare, a lokacin, yarinya mai baki kamar reza. Ni ne mijinta na wasa, kullum sai ta ce in sake ta na tsufa, ni kuma in ce sai ta kawo wanda ya fi ni haƙora. Wata rana na same ta a gindin bishiyar bedi ta tasa wayar a gaba, ta toshe kunnuwa. Na leƙa, sai na ga zane ne mai motsi, yara masu idanu kamar faifai, sanye da kayan makaranta.

"Amarya, mi kike kallo haka, kin manta da ruwan alwalar mijinki?"

"Anime ne, tsoho. Ba ka ganewa."

"Animal dai na sani, na yi musu allura har hannuna ya kumbura."

"Ba animal ba. Zane ne na mutanen Japon, 'yan kilas ɗinmu sunka turo min."

Na ce to, na wuce. Abin da aka zana da fenti, ai na yara ne. Da namiji na gani a wayar, mai nama da jini, da na tsaya na yi tambaya.

Ba a daɗe ba yarinya ta fara canzawa. Ta rage cin abinci. In na tsokane ta sai ta dube ni kamar daga nesa, ta kawar da kai. Ƙawarta Zali, wadda suke tafiya lakwal, wato makaranta, tare tun suna ƙanana, sai Balkisa ta daina yi mata magana ba faɗa ba komai, wai ta gane cewa duk mai yi maka dariya yana ɓoye wuƙa. Zali ta zo gida da hawaye, Habsu ta tsare ta da tambaya, yarinyar ta ce, "Inna, anime ɗin nan ce ke cin ta." Habsu kuwa kalmar da ta sani a bakin matan asibiti ita ce anemi, ƙarancin jini. Washegari aka shiga dafa hanta da zogale, aka ja Balkisa zuwa likita aka ɗebi jininta. Mai awon ya ce jininta ya fi na mu biyu in an haɗa. Muka dawo gida kamar yadda muka fita, sai dai ni na amfana da hantar.

A cikin kwanakin nan ne ta yi mini wata tambaya ina gyaran rediyo a zaure.

"Kaka, in mutum ya ɓace, kowa ya bar hwaɗin sunanshi, to ya taɓa zama duniya?"

Na ce mata wannan tambayar ta mushen filozofi ce, malamin nan nasu na lise, ta kai masa, shi ake biya don ya amsa irinta. Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya kaɗan, ta koma ciki.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce. Ina wajen dabbobi bayan azahar, ina taya wani duba haƙoran bijimi, sai maƙwabcinmu ya zo ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam Isuhu, sai haƙuri. Taho mu tahi gida."

Ban tambaye shi wa ba. Mai ɗa a arewa ba ya tambaya. Abin da ya faru, kamar yadda na ji daga baya, Habsu na tsakar gida tana tankaɗe sai ta ji ƙara daga ɗakin Balkisa: "Ya mutu! Sun kashe shi!" Ta ruga ta same ta a ƙasa, wayar da ubanta ya aiko a hannunta. To me kuke so uwa ta ɗauka? Ta yi salati ta zube. Matan maƙwabta suka shigo, labari ya kai masallaci, kafin in iso an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun jeru. Ina sa ƙafa a zaure na ji muryar Habsu daga ciki, muryar da ban san tana da ita ba.

"Lawali! Wayyo Lawalina! Lawali ɗana!"

Tun da aka haife shi ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na zauna a nan bakin zaure. Mutane na zuwa suna miƙo hannu, ya haƙuri, Allah shi jiƙan shi, ina amsawa. Zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: a ƙarƙashin baƙin cikin na ji wani sauƙi, sauƙin mutumin da ya daɗe a tsaye aka ce ya zauna. Na ji kunyar jin haka, amma na ji shi.

Liman ne ya tambaya wa ya bugo wayar, a ina aka binne shi, don a san irin sallar da za a yi. Aka dubi juna, ba wanda ya sani. Na tashi na shiga ciki, na ratsa mata, na sami Balkisa a kusurwar ɗaki ta haɗa kai da gwiwa. Na tambaye ta wa ya kira. Shiru. Na sake tambaya, na ce ta faɗa mini ko sunan garin ne. Ta daɗe tana kallon ƙofa, inda kukan kakarta ke shigowa. Can ta miƙo mini wayar. Na duba, sai ga zanen wani yaro mai kayan makaranta kwance a ƙasa, jan fenti ya malale a gefen kansa. Na juya wayar, na duba bayanta, kamar zan sami ɗana a can. Na ce mata ina labarin ubanta? Ta ce babu wani labari.

Ban san da wace fuska na fita na faɗa wa maza ba. Wani ya yi tari don ya danne dariya, wani bai ma danne ba. Liman, Allah ya saka masa, ya shafa addu'a ya ce, "To, Allah shi kyauta. Wadda munka yi ba ta ɓaci ba, ta tahi inda ake bukatarta." Aka naɗe tabarmi. Kafin magariba duk Dakoro ta ji. Habsu ba ta doki Balkisa ba, da ma dukan ta yi. Ta tsaya a kanta ta ce, "Kin sa na yi ma ɗana kukan mutuwa da ranshi. In wani abu ya same shi, bakinki ne da nawa." Daga nan ta kulle bakinta, sunan ya koma inda ya fito.

Kawunku Salisu ya taso daga Kornaka da zafinsa.

"Baba, wanga iska ne, ba wani abu ba. A kai ta ruƙiyya, a hwasa talhon, a hidda ta lakwal. Mun zama abin dariya har kasuwarmu."

Habsu ta ce a fasa wayar, ta ɗauko ma taɓarya. Ni na hana, don lambar da ke cikin wayar nan ita kaɗai na arewa ya sani. In ya sami hali ya kira ya ji a rufe fa? Muka yi ta ja, kwanaki suna tafiya, wayar tana hannun mai ita. A lise kuma an sa mata suna mai takaba, in ta shigo aji sai a riƙa yi mata ya haƙuri. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Daga ƙarshe na yanke abin da aikina ya koya mini: dabbar da ta kamu, ware ta ake yi. Na ce za ta tafi rugar aminina Bello bayan Tagriss, inda babu rezo na waya babu wutar caji, ta sha nono har kanta ya dawo. Motar kasuwa ta mako mai zuwa za ta ɗauke ta. Na ce ta ba ni wayar. Na yi zaton za ta yi kuka ko gardama. Ta miƙo mini da hannu biyu, wannan ya fi ba ni tsoro.

Akwai wani abu kuma da aikin ya koya mini. Ban taɓa yarda a binne mushen saniya ban buɗe cikinta na ga abin da ya kashe ta ba. Don haka na sa tabarau, na zauna a zaure da hantsi, na kunna abin. Maganarsu ba na ji, amma akwai rubutun Faransanci a ƙasa, ina tsayarwa ina karantawa. Sunayensu sun fi ƙarfin harshena, sai na raɗa musu nawa: yaron na ce masa Shiru-shiru, yarinyar kuma Mai Jan Ƙyalle, don wani jan ƙyalle da take ɗaure gashi da shi. Da farko soyayya ce irin ta yara, a raba abinci, a shiga laima ɗaya, a ji kunya. Na ce yo wannan ne ya tada mana gida? Sai abin ya fara juyewa. 'Yan ajin suka tasa yaron a gaba da ƙeta, ƙawar yarinyar ta kusa ita ce ke kitsa komai tana murmushi. Malamai suna gani suna kawar da kai. Ranar da ya faɗo daga saman makarantar, na kai wurin jan fentin nan da na riga na gani.

Ni da na zo binciken cuta, sai ga ni ina zagin malaman zane a fili, har mai wucewa ya leƙo ya ga da wa nake. Ina cikin sahu a masallaci sai in kama kaina ina tunanin ko Mai Jan Ƙyalle ta ci abinci. Na yi istigfari, na ce Isuhu, da furfurarka? Na san fenti ne. Na san wasu mutane ne a wata ƙasa suka zauna suka zana. Sanin bai hana ƙirjina nauyi ba, kuma har yau ban gane ta inda abin ya shiga ba.

Bayan mutuwar yaron labarin bai ƙare ba, nan ma ya fara. Washegari aka fitar da teburinsa daga ajin. Ba wanda ya ƙara ambatonsa, malami na kiran suna yana tsallake nasa. Yarinyar tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana cewa ku faɗi sunansa, suna kallonta kamar mahaukaciya, har ita ma ta fara shakkar ko ya taɓa wanzuwa. A kashi na ƙarshe, ta hau saman makarantar, ta tuɓe takalmanta, ta jera su kai da kai, tsaf. Ba su nuna sauran ba. Takalman kawai suka nuna, iska na kaɗa jan ƙyallen a kansu.

Bayan la'asar ne. Ina riƙe da wayar sai na tuna wani abu da idona ya sha gani kwanakin nan hankalina bai ɗauka ba: silifas ɗin Balkisa a gindin tsanin da Habsu ke hawa soro ta shanya kuɓewa, a jere kai da kai. Yarinyar da ke watsar da takalmi ɗaya gabas ɗaya yamma. Na tashi ban san na tashi ba. Na shiga tsakar gida, ga su nan a gindin tsanin.

Soron nan kun san shi, ba wani tsawo gare shi ba. Ba tsawonsa na ji tsoro ba, abin da ke cikin kanta na ji tsoro. Na kama tsanin da gwiwoyin nan da suka daɗe da yi mini tawaye, na hau. Tana zaune a can baki, ƙafafunta na lilo a waje, ta fuskanci hanyar arewa. Ban san abin da ake faɗa a irin wannan wuri ba, ba a koya mana a elbaj ba. Sai wasan da muka saba ya zo bakina.

"Amarya, ba ki tarbon mijinki?"

Ta waiwayo a firgice. "Kaka! Za ka hwaɗi!"

"To taho ki riƙe ni."

Ta taso ta kama ni, ta zaunar da ni a tsakiyar soron cikin kuɓewar Habsu. Na riƙe hannunta ban saki ba. Na ce mata na kalli abin har ƙarshe.

"Har takalman?"

"Har takalman. Su sunka hawo da ni. Balkisa, gaya min gaskiya. Abin da yarinyar can ta yi, shi kike hawowa yi?"

"Ban sani ba, Kaka. Walle ban sani ba. In na tuɓe takalman sai in ji awa ni ce ita. In na hawo kuma sai in zamna ina kallon hanya. Wata rana ni ce ita, wata rana tsoronta nike ji."

Na so ta ce a'a, ko ma ta ce i, in san abin da nake yaƙi da shi. Wannan amsar ba ta ba ni abin kamawa ba. Sai ta ce, ba ta dube ni ba:

"Ku ma kun hidda teburinshi."

Na ce wane tebur?

"Gadon Baba. Kun hidda shi kun zuba hatsi. Ba mai hwaɗin sunanshi a gidan ga. Ni ba ni iyawa, ubana ne. Ku ba ku hwaɗi. Kawu Salisu Yaya yake cewa. To wa ya rage? Ran nan da Inna ta kira shi, ina jin ta, na san kuskure ne, na san in na buɗe baki za ta bari. Shi ya sa na yi shiru. So nike in ƙara ji."

Ina so in yi mata bayanin alkunya, in ce mata rashin faɗin nan shi ne faɗinmu, in ce kakarta kullum sai ta ɗebe wa ubanta tuwo a kwano ta rufe kafin ta bayar da shi sadaka da safe. Amma na ga yarinyar nan ta san al'adar, ba bayani take nema ba. Na buɗe baki. Na ji kamar an ce in tuɓe riga a tsakiyar kasuwa.

"Lawali," na ce. Na sake. "Lawali. Sunan ubanki Lawali, kuma ya zauna duniya, ni shaida ne. Yana ƙarami ya sace min sirinji, ya bi awakin unguwa duka ya yi musu allurar ruwan tsamiya, wai shi ne sabon likita."

Ta yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka, ta kifa kai a kafaɗata. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Na ba ta labarin ranar da ya ɓata a kasuwar Azagor aka tsince shi yana barci cikin raƙuman Buzaye, da yadda yake tsoron kaza mai 'ya'ya har ya yi gemu. Kowane labari da sunan nake farawa. Ni ma na yi kuka, tun da dokar Habsu ta tsakar gida ce, ba ta hau soro ba. Da aka kira magariba ta riga ni sauka ta riƙe mini tsanin. Habsu na tsaye a bakin madafa, ta ji komai. Balkisa ta zura silifas ɗinta, ni kuma na kwantar da tsanin, washegari na ba maƙwabci aronsa na ce kada ya yi gaggawar maidowa.

Na fasa tafiyar Tagriss. Salisu ya yi fushi ya koma Kornaka ba sallama. Na kai ta Maradi wajen wani likita wanda aikinsa sauraro ne, muka yi ta zuwa har ta fara cin abinci da hannu biyu, ta koma yi wa Zali magana. Na sa aka kwashe geron aka mayar da gadon. Sannan na tara mutane a yi wa matafiyi addu'a, Allah ya bayyana shi in yana raye, ya jiƙansa in ya riga mu. Na sa aka yi waina da gumba. Da liman ya tambayi sunan wanda za a yi wa, kowa ya zaci Salisu ko wani maƙwabci zai amsa, kamar yadda aka saba. Ni na miƙe a gaban dattawan unguwa na faɗa da bakina. Na ga wasu sun sunkuyar da kai don kunyar da ni ban ji ba. Ban lura ba ashe ranar ta faɗo daidai lokacin da arba'in ɗin wancan makokin zai cika. Mutanen gari kuwa sun lura. Daga nan labarin da kuke ba juna ya samo asali.

Abin bai zo kyauta ba. Abokan zamana na ƙofar masallaci suka daɗe suna yi mini kallon wanda tsufa ya fara taɓa wa kai. Habsu ta ce na zubar da kunyata a kan soro, ta daina yi mini magana in ba ta dole ba, tun daga lokacin har aka gama girbi. Abinci sai dai in tarar an ajiye. Mun yi zaman aure mai tsawo da matar nan, ba mu taɓa yin irin wannan nisa ba, kuma ban ga laifinta ba. Ita ta riƙe abin da aka ba ta riƙo, ni na saki.

Na tambayi likitan Maradi, na ce shin zanen nan ciwo ne ko magani? Ya yi murmushi ya ce ni me na gani. Na ce da na sani da ban tambaya ba. Zanen nan shi ya kai jikata bakin soro, wannan ba mai musa mini. Shi ne kuma ya ba ta bakin faɗin abin da ke cinta, wanda mu da muke ƙaunarta ba mu ba ta ba. In na ce ku hana 'ya'yanku kallo, sai in tuna wannan. In na ce ku bar su, sai in tuna silifas. Ni kaina ban fita lafiya ba. Har yau in na zo ƙofar masallaci na ga takalma biyu an jera su kai da kai, sai gabana ya faɗi, ga shi kuwa sau biyar nake zuwa a yini. Abin da zan iya ce muku kawai, in kun ga yaro ya ƙura wa abu ido yana ramewa, ku zauna ku kalla tare da shi har ƙarshe, ko da fenti ne.

Lawali bai dawo ba, ba mu kuma sami labari ba. Wayar tana nan a kan teburina, gilashinta ya tsage, ina kai ta caji. Balkisa da hannunta ta goge zanen kafin ta zauna jarrabawar bak ta gama lise. Ta yi karatu, ta yi aure, ta haifi namiji, aka sa masa Lawali. Ba wanda zai ce ko sunan ubanta aka mayar, ko don shi ne na fari. Ita dai ba ta iya kiransa, ta ko'ina an ɗaure ta: sunan uba ne, ga shi ɗan fari. Abba take ce masa. Habsu ma da aka kawo mata shi "ɗan mutanen nan" ta ce, ta ci gaba da cewa haka.

Bara da rani aka kawo mana shi yaye. Wata rana da hantsi na dawo daga kasuwa da wuri, na tsaya a zaure ina kaɗe takalmi, sai na ji Habsu a tsakar gida. Ta ɗauka ba kowa.

"Lawali, zo ka sha hura. Lawali. Kai Lawali, ba ka ji ina kira? Lawali."

Na leƙa ta jikin ƙofa. Yaron yana kan cinyarta, ludayin ma yana bakinsa, ba inda ya je. Ita kuwa ta fuskanci ɗakin da muka mayar wa gado, tana ta kira. Na koma na zauna a zaure, na bar ta ta gama.